Bargon Manase

Manase bai taɓa taka ƙofar ɗakin kwanana ba. Tun muna yara a tsibiran Ha'apai na ƙasar Tonga, ranar da ya cika shekara goma mahaifinmu ya naɗe masa tabarma ya kai shi bukkar samari a bayan gida, shi ke nan. Namiji ba ya shiga inda 'yar'uwarsa take kwanciya, ba ya zama kan shimfiɗarta, maganar jiki kuwa ba ta haɗa bakinsu har abada. Haka muka tsallako teku da abinmu zuwa garin Logan, ni ina wanki a asibiti, shi yana aiki a mayanka, har muka tsufa a kai. Yaran yanzu suna cewa tsauri ne. Su suka sani.

Da na faɗi a banɗaki ƙashin ƙuguna ya karye, sai aka kawo ni gidan kula da tsofaffin nan, ɗaki na sha huɗu, mai taga ɗaya da ke kallon lambu. Mijina ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba mu haihuwa ba. Cikin mu bakwai da uwarmu ta haifa, ƙanena Manase kaɗai ya rage mini. Kowace Lahadi in an tashi daga coci sai ga shi da ƙunshin ganyen gwaza da aka dafa da naman gwangwani da madarar kwakwa, yana tururi. Ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro, ya aika a faɗa mini. Ni ce mai fita. Shi ba zai shigo ba.

Ƙashi ya haɗe, amma wani abu bai koma daidai ba. Fitsari ya daina jiran izinina. In na yi tari, in na yi atishawa, in na yunƙura zan miƙe, sai in ji ya riga ni. Ba ni kaɗai ba ce. Rabin mutanen layinmu haka suke, kullum da safe sai an tura keken zannuwan gado a cike ya wuce ƙofata. Amma a teburin shayi kowa yi yake kamar na maƙwabcinsa ne.

Mai kula da layinmu da rana wata 'yar Samoa ce, Fetu, ƙatuwar mace mai bakin da ba ya rufuwa. Ita ta fara kawo mini ƙunzugun manya a leda.

“Mama Hulita, ga kayan ado na kawo miki.”

“Mayar wa mai shi. Ni na ɗaura wa 'ya'yan mutane wannan abin, ba ni ake ɗaura wa ba.”

“Kai, 'yan Tonga da jin kai! Ko teku ce za ta ci ku, sai kun tsaya gyara tabarmar nan da kuke ɗaurawa a ƙugu tukuna.”

“Ku kuma 'yan Samoa bakinku ne yake fara fitowa ranar haihuwa. Fita ki ba ni wuri.”

Ta fita tana dariya, ta bar ledar a ƙasan kabad. Ban taɓa ta ba.

Wata Lahadi a watan Satumba muna zaune a bencin, sai Manase ya ɗauko labarin aladen kawunmu Siaosi, wanda ya kutsa coci ranar aurena ya kwashe ƙafafun mai jagorar waƙa. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari. Amma ranar har muryar mutumin ya kwaikwaya, yadda ya ci gaba da rera waƙar yana kwance a ƙasa. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, kai a baya, har da hawaye. Ban gama ba na ji ɗumi ya bi cinyata. Bencin na katako ne mai tsaga-tsaga, ƙasansa siminti. Na ji ƙarar ɗigarsa da kunnena.

Manase ya ɗaga kai sama.

“Yaya, bana mangwaron nan zai yi 'ya'ya. Dubi furen da ya zuba.”

Bai sauke kan ba. Ya yi ta zancen mangwaro, na nan da na gida, wanda ya fi zaƙi da wanda jemagu suka fi so, har Fetu ta hango fuskata ta taho da keken guragu. Ina da shekara tamanin da ɗaya, ƙanena ya ga abin da bai kamata ya gani ba ko a mafarki.

Ranar na buɗe ledar da hannuna. Amma lambun, na daina fita.

Na ce wa Fetu, “Ki ce masa ƙafa ce ke ciwo.”

“Mama, ƙafar nan taki ta Lahadi kaɗai take ciwo?”

“Aike na yi, ban tambaye ki shawara ba.”

“Yanzu fa kina da abin nan, ko ruwan sama aka yi a ciki ba wanda zai sani.”

“Ni zan sani.”

Bai fasa zuwa ba. Ya miƙa wa Fetu abincin, ya zauna a gefensa na bencin ya bar mini nawa, ya yi kamar awa guda, sannan ya ɗaga wa tagata hannu ya tafi. Ni kuwa ina bayan labule ina ƙirga masa furfura. Daga baya na lura ya fara zuwa da bargo, ruwan ƙasa mai jan layi, a naɗe. Ba ya lulluɓa da shi. Ajiyewa yake a gefena na bencin, in zai tafi ya ɗauka. Har a watan Disamba, da a nan shi ne lokacin zafin nan mai narka kwalta, da bargonsa yake zuwa.

Na ce wa Fetu, “Tsufa ya fara taɓa masa kai. Wa ke yawo da bargo a wannan rana?”

Ta ce, “Gado ne, Mama. Duk gidanku a taɓe kuke.”

Abin da ya fi cina a waɗannan watanni shi ne tambayoyin da suka taru mini. Sunan mai kwalekwalen da yake kai mu garin Pangai ya ɓace mini. Baiti na biyu na waƙar da uwarmu take yi in tana bugun ɓawon itace don yin zane ya ɓace mini. Rijiyar bayan gidanmu, hagu take da bishiyar kwakwar nan mai lanƙwasa, ko dama? Duk duniya mutum ɗaya ne ya sani, ga shi can taku ashirin daga tagata yana korar ƙudaje. Kowace Asabar sai in ce gobe zan fita. Gari ya waye, in tuna ƙarar ɗigar nan a siminti, in koma in zauna.

Wata goma sha ɗaya muka yi haka. A watan Agusta, wata Laraba da hantsi, zuciyarsa ta tsaya yana cikin ba wa gwazarsa ruwa a bayan gida.

Ban je jana'iza ba. Kowa ya san yadda jana'izarmu take: kwana da kwanaki ana zaune ana waƙa, ni kuma a matsayina na yayarsa can sama za a ajiye ni, kan tulin tabarmi masu daraja da ba a wanke su, idon kowa a kaina. Na ce likita ya hana. Likita bai hana ba.

Bayan an binne shi, 'yarsa Kalolaine ta zo. Baƙaƙen kaya, ga tsohuwar tabarma ƙatuwa ta naɗa tun daga ƙirji har idon sawu, irin wadda 'ya'yan mamaci suke ɗaurawa. Gashinta, da yake kai mata gadon baya, a kwance yake a hargitse, bai ga mataji ba tun ranar Larabar nan. Ta zauna a ƙasa bakin gadona, don ba a zama sama da gwaggo.

“Gwaggo, saura aski.”

Na san shi ya kawo ta. In uba ya mutu, 'yar'uwarsa ce take yanke gashin 'ya'yansa mata, sannan su fita daga makoki. Ba fasto ba, ba uwarsu ba.

“Ki nemi ɗaya daga 'ya'yan kawu Siaosi.”

“Kina raye? Wa zai ɗaga almakashi kan kaina kina numfashi?”

“To ki jira in mutu, ba nisa.”

“Zan jira. Haka zan koma aiki da kan nan kamar sheƙar tsuntsu, kowa ya tambaye ni in ce gwaggona ce ta ƙi.”

“Ke, ni kike wa baki? Haka ubanki ya koya miki?”

Ta sunkuyar da kai. Can ta jawo jaka ta fito da bargon, ruwan ƙasa mai jan layi, ta ɗora a bakin gado.

“Wannan naki ne. A kujerar motarsa na same shi.”

“Nawa kamar yaya? Shirmen tsufansa ne.”

“Ni ma na taɓa yi masa tsiya. Na ce Baba, bargo a Disamba? Ya ce, na gwiwoyin Yaya ne. In ta fito ta rufe cinyarta da shi, mai kauri ne, ba abin da ake gani ta cikinsa. Na ce to ka faɗa mata mana. Ya harare ni ya ce, ni zan faɗa wa Yaya irin wannan magana?”

Na ɗora hannu kan bargon. Yana warin sabulunsa da hayaƙin ramin gasa nama.

Na ce, “Ba zan je zauren coci ba. Ranar Lahadi ku zo nan, ƙarƙashin mangwaro. Kuma ki kawo almakashi mai kaifi, ba irin na ɗinkin uwarki ba.”

Tun ranar Juma'a na daina shan ruwa. Dabarata ke nan: abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Ranar Asabar da rana Fetu ta ɗaga kofin shayina ta ga yana cike, ta ɗaga butar ruwa ta ga haka.

“Buɗe baki in gani.”

“Ni akuyarki ce?”

“Harshenki ya bushe kamar takalmi. Mama, na ga wannan wayon a hannun tsofaffi sun fi ashirin. Ƙarshensa zazzaɓi, kai ya juye, motar asibiti. Gobe war haka kina kan gado kina kiran nas da sunan kakarki, yarinyar can kuma tana yawo da gashi a tsaye. Kuma fitsarin da ya yi kauri ya fi wari, in ba ki sani ba.”

“Wannan Lahadin ba ranar aikinki ba ce, ina ruwanki?”

“Na canza da wata. Sha. Gobe ni zan kai ki banɗaki daf da fita, in sa miki mai kaurin. Abin da ya rage na Allah ne.”

Na sha, ina zaginta a zuci.

Sun zo su kusan talatin, duk cikin baƙi da tabarmi. Maza suka zauna can nesa kan ciyawa, mata suka shimfiɗa abin zama a gaban bencin. Tsofaffin layinmu suka cika tagogi. Fetu ta turo ni, ta zaunar da ni a gefena na bencin, ta shimfiɗa mini bargon a cinya. Gefensa ba wanda ya zauna. Mangwaron ya sake zuba fure.

Kalolaine ta durƙusa ta ba ni baya. Na tattara gashin a hannun hagu, mai nauyi, irin na uwarmu sak. Mata suka ɗauki waƙa a hankali. Na sa almakashi, na yanke rabi. Sai wata tsohuwa daga baya, ban ma san ko wace ce ba, ta ja su zuwa waƙar bugun ɓawon itace, suka wuce baiti na farko suka shiga na biyu, wanda na yi shekara ina nema. Kuka ya ƙwace mini. Ba irin na hawaye shiru ba, irin mai girgiza ciki. Da ya girgiza ni na ji abin ya zo gaba ɗaya, ya cika ƙunzugun ya wuce.

Hannuna ya tsaya. Kalolaine tana jingine da gwiwata, ta ji. Ba ta waiwayo ba. Ta ɗaga ɗan yatsa kawai, matan suka miƙe ba tare da sun katse waƙar ba, suka kewaye bencin kafaɗa da kafaɗa. Manyan tabarmin makokin nan suka haɗu suka zama katanga. Ban ƙara ganin namiji ko ɗaya ba, ban ga taga ba, sai saƙar tabarma da furen mangwaro a sama.

“Gwaggo, ƙarasa,” in ji Kalolaine ƙasa-ƙasa. “Kar ki bar ni da rabin kai.”

“Tsaya da kyau to. Kina motsi kamar ubanki.”

Na ƙarasa. Na daidaita mata shi a wuya, na naɗe wanda na yanke na ɗora a kan bargon. Bargon ya jiƙe ta ƙasa, ta sama kuwa ba abin da ake gani.

Yanzu kowace Lahadi bayan abincin rana ina fita. Fetu tana wanke bargon da kanta, ba ta yarda a jefa shi cikin keken zannuwa. Warin hayaƙin ya tafi tun wanki na biyu. Wani lokaci Kalolaine tana zuwa da ganyen gwaza, nata gishiri yana yawa, na faɗa mata ba ta ji. Wani lokaci ba kowa. Ina zama a gefena, in yi awa guda. Baitin waƙar na riƙe shi yanzu. Sunan mai kwalekwalen ne har yau ban samu wanda ya sani ba.