Motar da Aka Tura Gangare

"Sa hannunka ka ji," na ce wa Zvonko. "Wannan firji ne ko tanda?"

Bai sa ba. Yana tsaye a ƙofar motar, idonsa na kan waya. Mahaifinsa, maƙwabcina Jerko, yana zaune a bakin gado da singileti, gumi na bin wuyansa. Man shanun da ke firjin ya narke, ga kwalaben allurarsa ta ciwon suga a gefe.

A garinmu na bakin teku, da zafi ya shigo kowa kan bar gidansa ya ba baƙi haya. Wasu su koma gareji, wasu ɗakin ajiya. Shi Jerko motar kwana ake mayar da shi, mai gado da murhu a ciki, wadda suka sha yawo da ita shi da marigayiya matarsa. Shekara da shekaru tana ƙarƙashin ɓaure, a shimfiɗaɗɗen wuri, lafiya lau. Bana Zvonko ya ga inuwar ta fi dacewa da motocin Jamusawan da suka kama hayar gidan, ya tura ta bayan gida, kan gangare, cikin rana. Tsohon firji mai aiki da gas kuwa, in mota ta karkace ba ya sanyi. Kowa ya san haka, har shi.

"Goggo Luce, ai sabo zan sayo," ya ce. "Irin wanda ba ruwansa da gangare. Dubawa nake, ina son wanda ba ya shan wuta, kada ya cinye batir."

"Kai dai mayar da motar inuwa."

"Baƙi sun riga sun saba da wurin."

"Ubanka bai saba ba?"

Jerko ya yi dariya. "Luce, bakinki ya fi barkono. Bar yaron, ya san kaya."

Da Zvonko ya tafi na ce wa Jerko ya ba ni maganin in sa a firjina. Ya ƙi.

"In riƙa tsallako titi safe da yamma, gari ya ce ɗan Jerko ya kasa sanyaya wa ubansa magani? Ba da ni ba."

Ya naɗe kwalaben cikin jiƙaƙƙiyar safa, yadda masunta ke sanyaya ruwan inabi a kwalekwale. Na yi faɗa, na yi lallashi, har hannu na kai zan ɗauka ya riƙe ni. Ranar ji na yi kamar in shaƙe su duka biyun.

Zvonko ya ci gaba da zaɓe. Wannan yana da ƙara, wancan ƙofarsa hagu take buɗewa, wani ya fi wani tattalin wuta. Har shirayina ya zo da hoto biyu wai in taya shi dubawa. Na ce masa ubansa na shan ruwa kamar raƙumi, yana ramewa, ya yi kunnen uwar shegu. Jerko kuwa kullum yana yin allurarsa a kan lokaci. Maganin a ido garau yake, ashe zafi ya kashe shi tuni.

Wata safiya na kai masa soyayyen kifi na tarar da shi a ƙasa, tsakanin gado da firjin, yana numfashi da ƙyar. Bai gane ni ba. A asibiti likita ta tambayi inda ake ajiye maganin, Zvonko ya tsura wa takalminsa ido. Jerko bai farfaɗo ba.

Muna dawowa daga maƙabarta muka tarar da motar kawo kaya a ƙofar gida. Aka sauke kwali. Zvonko ya tsaya a kansa cikin baƙar kwat.

"Goggo... shi ne wanda ya fi duka rashin shan wuta."

"Madalla," na ce. "Yanzu ma ba sai ka kunna ba. Ka ga tattali ya kai tattali."

Da la'asar ya roƙi Jamusawan su janye motocinsu, ya mayar da ta ubansa ƙarƙashin ɓaure, ya haɗa sabon firjin shi kaɗai.

Har yau ban gaishe shi ba. Amma jiya na shiga motar ɗauko farantina, na ji firjin yana ɗan gunji a hankali, na buɗe. Babu komai a ciki sai sauran kwalaben Jerko, an jera su a tsanake, sun yi raɓa don sanyi.