Ranar da Agogo Ya Makara

"Sake faɗa, Baba," in ji 'yarsa.

Ya sake faɗa. Harshensa ya harɗe a daidai inda ya harɗe ɗazu. Suna zaune a kan benci a hawa na biyu, gaban ofishin manaja. Saura minti goma sha biyar a kira shi.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar kamfanin raba magunguna. Bai taɓa makara ba, shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Agogo. Ranar Alhamis ya makara. Ya ɗauki akwati huɗu na allurar rigakafin yara zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Ya ɓata awa biyu a hanya, ya isa minti ashirin bayan mai riƙe da makullin firij ta tashi. Ba a same ta ba sai washegari. Ƙanƙarar akwatunan ta narke, aka zubar da allurar duka. Yau za a yanke ko zai ci gaba da riƙe makullin mota.

Manajar sabuwa ce, ba ta jin Hausa. Don haka 'yarsa, wadda ke koyar da Turanci a sakandare, ta rubuta masa jawabi layi shida. Malama yake kiranta, rabi girmamawa rabi tsokana.

"A Turanci ba a cewa na makara kawai a yi shiru," ta ce. "Sai ka ce cunkoso ya riƙe ka. Ko ka ce ka faɗa cikin matsala. Ko abin ya zo maka a mummunan lokaci. Kowace magana da 'yar kalmar da ke bin bayanta. Kai kuma sai ka ɗauki ta wannan ka liƙa wa waccan."

"Su masu yaren nan ba sa yin laifi ne? Komai faɗo musu yake yi daga sama?"

"Baba, don Allah."

"Tambaya na yi."

"Suna yi. Amma ba a gaban manaja suke faɗa ba."

Wani direba ya wuce da takardun mai a hannu. Ya rage tafiya.

"Agogo! Batir ne ya mutu?"

"Wuce, kafin in tuna wanda ya koya maka ribas."

Direban ya yi dariya, amma gajeriya. Ya dafa kafaɗar tsohon, ya wuce.

Malama ta miƙa masa takardar. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya mayar mata.

"Karanta mini. Na fi riƙe abu da kunne."

Ta karanta. Cunkoso ya riƙe ni. Na ci karo da gyaran hanya. Abin ya zo a mummunan lokaci. Yana bin ta kalma kalma, kamar mai haɗiyar magani.

Ƙofa ta buɗe.

Ofishin akwai sanyi. Manaja na bayan tebur, a gefenta shugaban direbobi, wanda shi ma a hannun Agogo ya koyi tuƙi. An yarda Malama ta zauna a matsayin tafinta. Manaja ta yi magana a taƙaice. Yara ɗari biyu ne iyayensu suka kawo su ranar Juma'a, aka mayar da su gida. Tana son jin abin da ya faru daga bakinsa.

Ya miƙe, ko da yake ba a ce ya miƙe ba. Ya faɗi layin farko da Turanci, daidai, babu tuntuɓe. Malama ta sauke numfashi. Sai ya tsaya.

Fanka na juyawa. Manaja na jira da biro a hannu.

"Malama, gaya mata," ya ce da Hausa. "Babu wani cunkoso. Na bar babbar hanya, na bi tsohuwar hanyar bayan ma'aikatar siminti, don na fi saninta. Ashe an rufe ta. Na shiga har ciki, mota ta kafe a yashi. Shi ke nan."

"Baba..."

"Gaya mata."

Ta juya ga manaja, ta fara Turanci. Muryarta a natse, kamar a gaban aji. Shugaban direbobi, wanda ke jin yaren biyu, ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Agogo ba ya jin Turanci mai tsawo. Amma tun asuba ake ɗura masa waɗannan kalmomi. Ya ji kalmar cunkoso ta wuce. Ya ji ta mummunan lokaci.

"Ba haka na ce ba."

"Baba, bar ni in gyara maka."

"Na ce ki gyara? Tafinta aka kira ki, ba lauya ba."

Ya fuskanci manaja. Da Turancinsa na gareji, wanda yake sayen taya da shi, ya faɗi magana uku. Ni ne. Hanya ba daidai ba. Ni na zaɓa.

Manaja ta dubi Malama, ta dubi shugaban direbobi. Babu wanda ya dube ta. Ta rubuta wani abu. Sannan ta yi tambaya.

"Tana cewa, babu allon gargaɗi a bakin hanyar?" in ji Malama, murya ƙasa ƙasa.

"Akwai," shugaban direbobi ya amsa ba da son ransa ba. "Ja ne, ƙato, a gefen dama. Wata guda ke nan da kafa shi."

Duk suka juyo ga tsohon.

"Ban gan shi ba."

"Hankalinka na wani wuri ne, Baba? Sai in ce mata hankalinka..."

"Hankalina na kan hanya. Ban gan shi ba. Tun bara, abin da ke gefena ba na ganinsa sai na juya kai."

Malama ta zuba masa ido. Kullum tare suke cin abincin dare. Ba ta sani ba.

"Fassara," ya ce. "Yadda na faɗa."

Ta fassara yadda ya faɗa.

Manaja ta ajiye biro. Kafin ta ce komai, ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin motar, ya ajiye a kan tebur. Ya tura shi da yatsa ɗaya har gabanta.

Ta yi magana mai ɗan tsawo. Malama ta fassara: za a tura shi wurin likitan ido. Idan abin mai gyaruwa ne, za a sake zama. Idan ba haka ba, akwai kujera a sito, wurin duba kayan da ke fita.

"Kujera," in ji shi.

Ya gyara hularsa, ya fita.

A baranda Malama ta kama hannunsa. Ya fizge.

"Ban makance ba tukuna."

Ta sake shi. Ya yi gaba, kai a miƙe, har bakin matakala. Can ya tsaya. Ƙasan da duhu, ƙwan fitilar wurin ya mutu. Ya laluba ƙarfen gefe bai same shi ba.

Bai waiwayo ba.

"Malama," ya ce. "Shiga gaba. Kada ki yi sauri."