Gindin Dirka ta Bakwai

"Sake bugawa," in ji muryar daga taga. "Can ƙasa, inda itacen ya shiga rami. Ba ganga na ce ki kaɗa mini ba."

Injiniya ta tattare gefen zanenta, ta durƙusa, ta sake ɗora wa gindin dirkar guduma. Sautin ya fita tas. Aka ji tari a ɗaki, sannan tsohon ya ce wannan lafiyarta ƙalau, ta wuce ta gaba.

Mako uku ke nan Baba Kafinta bai taka ƙasa ba. Shi ya sa aka jawo gadonsa jikin tagar da ke kallon rumfa, don idon ya gaza amma kunnen na nan daram. Shekara arba'in da ya kafa rumfar nan a gefen gidansa: dirkoki goma sha biyu, shida ta nan shida ta can, dogayen katakai a kansu, kwano a sama, babu bango. Don katakonsa da ciyawar saniyarsa ya yi ta. Saniyar ta tafi, layi ya gaji rumfar. Tela ya ajiye kekensa a kusurwa guda, mahauci na ɗaure awakinsa a ɗaya, duk wanda ruwa ya kora a hanya nan yake faɗawa. Ita kanta Injiniya, 'yar gidan da ke kallon nasa, a nan ta fara gane lambobi, a jikin abin awon Baba, tana zaune kan tarin dusar katako mai ƙamshi. Tun da ta dawo daga kwalejin fasaha aka laƙaba mata sunan, rabi yabo rabi tsiya.

Wata biyu tana nuna musu yadda rufin ya sunkuya ta gabas. Tela ya ce rumfar da ta girme ta ba yau za ta faɗi ba. Mahauci ya ce tun yana saurayi haka take. Direba, babban ɗan Baba, ya ce a bari damina ta wuce, alhali daminar ce abin tsoron. Abin da ke ƙona mata rai ke nan: mutum goma za su zauna ƙarƙashin abu suna shan inuwarsa shekara da shekaru, babu mai ɗaga kai ya duba ƙusa guda, in ka yi magana a ce karatu ya hau maka kai.

Ta buga ta biyar, ta buga ta shida. Da gudumar ta sauka kan ta bakwai, sai sautin ya mutu a wurin, kamar an bugi buhun auduga. Ta takwas ma haka.

Ba ta jira Baba ya faɗa ba. Waɗannan biyun na gabas ta san su. Ita ce ta tone gindinsu shekara biyu da suka wuce, ta zuba musu siminti har ya yi tudu, ta shafe shi sumul, tana gaya wa duk mai wucewa cewa haka ake yi yanzu.

Ta shiga ɗakin. Inna, matar Baba, ta matsa mata a bakin gado. Tsohon ya rame, hannuwan ne kawai suka rage da girmansu. Ya ce mata simintin nan kwanon tara ruwa ta yi wa itacen, ruwa na shiga ba ya fita, itace kuma ba ya jure zama cikin ruwa. Shi nasa, babbake gindin yake a wuta, ya shafe shi da baƙin mai, ya jefa faffaɗan dutse a ƙasan rami, ya cika da tsakuwa yana dakawa, ruwa ya zo ya wuce abinsa.

"To me ya sa ba ka hana ni ba, Baba?"

"Na hana. Kika je kika ɗauko mini littafi."

Inna ta rufe baki tana dariya. Injiniya ba ta yi ba. Ta ce ya sani kuma ya zuba ido shekara biyu?

"Ciwon layin nan ne ya kama ni, 'yar nan. Kullum gobe." Ya numfasa. "Kuskurenki biyu ne. Namu ba ya ƙirguwa."

Sannan ya gaya mata akwai dirkoki biyu a bayan gida ƙarƙashin tsohon kwano, tun bara ya babbake su, ƙarfin kafawa ne ya gudu. Ya koya mata yadda ake sauya dirka ba a sauke rufi ba: a sa jak ɗin mota, a ɗora masa guntun gungume, a ɗaga katakon sama tsawon yatsa biyu kawai, a tokare, a fasa simintin, a zare tsohuwar a zura sabuwa. Maza huɗu sun isa. Ya sa ta maimaita sau biyu kamar ɗaliba. Sauran huɗun da ba a buga ba, ya ce a bari sai da safe, kunnensa ya gaji.

Da ta sami Direba yana wanke motarsa, ta nemi ya kawo jak ɗinsa a sauya dirkokin, ya ce sai Asabar. Ta ce hadari ba ya duba kalanda. Ya ce ta gaishe da malamanta.

Washegari da hantsi ta zo ta durƙusa gaban ta tara. Ta buga, ta jira. Ta sake bugawa. Labulen tagar ya motsa, fuskar Inna ce ta leƙo.

"Ajiye gudumar, 'yata. Ya tafi."

Kafin a dawo daga maƙabarta, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga takardu a kan titi. Tsakar gidan Baba ba ta ɗaukar mutum ashirin, masu gaisuwa kuwa sun ninka haka sau da yawa, tsofaffin da ya kafa wa rumfuna a gonaki da kasuwanni duk sun zo. Babu wanda ya yi shawara, kowa ya ɗauki tabarma ya nufi rumfa, kuma ɓangaren gabas ne ya fi fili.

Injiniya ta tsaya tsakanin ta bakwai da ta takwas, idanunta jajir. Ta ce babu mai zama a nan.

"Yau ma?" in ji Direba a hankali, ƙurar maƙabarta na jikin ƙafarsa. "Yau ma sai kin nuna mana kin yi makaranta?"

"Yaya, ni na ɓata su. Ni na zuba simintin. In iskar nan ta zo, a kan baƙinka za ta sauke kwanon."

Tela ya fara cewa ai Allah ne mai tsarewa. Bai ƙarasa ba Inna ta fito ƙofar gida, abin da ba a zata ba a irin ranar. Ba ta kalli kowa ba sai ɗanta. Ta ce jiya ubansa da kunnensa ya ji, da bakinsa ya faɗa, tana zaune. Ta ce ya je ya ɗauko jak ɗinsa.

Direba ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Tela.

Maza huɗu aka nema, fiye da goma suka tashi. Mahauci ya kama diga ya fasa simintin. Wasu dattawa biyu suka ɗauko dirkokin daga bayan gida, gindinsu baƙi wuluk. Direba ya durƙusa yana murza jak, Injiniya tana auna tazarar da yatsu biyu, har ta ce ya isa. Kwanon ya yi ƙara ya tsaya. Da aka zare ta bakwai, rabinta ne ya fito, sauran ya rage a rami, Direba ya sa hannu ya kwaso shi kamar jiƙaƙƙen gari. Ya daɗe yana kallon tafinsa. Sannan ya goge a wandonsa, ya ja jak zuwa ta takwas.

Suna daka tsakuwa Injiniya ta bi sauran huɗun ita kaɗai. Ta buga kowace sau biyu, kanta a karkace, ba wanda zai ce mata e ko a'a. Ukun farko suka amsa tas. Ta ƙarshe ta ɗan yi mata nauyi a kunne, ta sa aka tokare ta da gungume, babu wanda ya yi musu.

Ɗigon farko ya sauka ana shimfiɗa tabarma ta ƙarshe. Jama'a suka matso ciki, aka yi shiru saboda ƙarar kwano. Iska ta zo ta daki rufin, ta sake dukansa, ta wuce. Inna ba ta koma gida ba. Ta zauna a gefen mata, ta jingina bayanta da sabuwar dirkar, baƙin mai na taɓa mayafinta, tana kallon ruwan da ke zuba daga bakin kwano a jere, yana nutsewa cikin tsakuwa.