Noman Bayan Tanki

Cikin dare mai gadi ya ji wata ƙara, kamar wani ƙaton abu na jan sarƙa a kan tsakuwa, ya tsaya ya yi tari, ya sake ja. Matarsa ta ce aljanu ne ke ƙaura, su ma unguwar ta ishe su. Da gari ya waye sai ga katafila an sauke a bayan tankin ruwa, bakinta a ƙasa kamar saniya mai kiwo.

Shekara ashirin da shida yana gadin tankin nan. A bayansa akwai ɗan fako mai tsakuwa, a nan wani fure yake fitowa, ɗan mitsitsi, shuɗi, da ɗigon fari a maƙogwaro, ba ya buɗewa sai rana ta karkata. Bara waccan wata malama daga jami'a ta zo ta durƙusa ta ƙirga tushe sittin da ɗaya. Ta ce a duk duniya wuri uku aka san shi, biyun an riga an yi gini a kansu. Tun ranar mai gadi ya ɗauki furen amana.

Da ganin katafilar ya kira ta a waya, ya ce an zo a share wurin a yi gini.

"Baba, in na same shi da rai yana 'ya'ya, zan rubuta a dakatar da aikin. Ka roƙe su su jira la'asar."

Direban katafilar ya yi dariya. "Tsoho, duk a kan fure? Na ɗauka kabarin kakanka ne." Amma ya kashe inji, ya kwanta a inuwar tanki, ya rufe fuska da hula.

Mai gadi ya share wurin, ya yayyafa ruwa, ya sa rigarsa ta fita kunya. Matarsa ta ce, "Ko ranar aurenmu ban samu wannan kwalliya ba."

Malamar ta iso da jakarta. Ta tsaya turus. Ƙasa fes kamar tsakar ɗaki, tushe tara, kowane an kewaye shi da duwatsu, ganyen duk ya yi rawaya.

"Baba, ina ciyawar?"

"Ai na nome ta tas, 'yata. Damina biyu ban bar ko sili ɗaya ba. Cinye masa abinci take yi."

Ta zauna a kan dutse. Ta ce, "Shi ba ya iya ci da kansa. Saiwarsa a jikin saiwar ciyawar take kamawa, ta nan yake sha."

Ta bi kwasfar 'ya'yan furen ɗaya bayan ɗaya tana fasawa da farce. Babu ƙwaya ko ɗaya.

"In na dawo da ita fa? Akwai ciyawa a bakin kwata, yanzu in je."

"Ba irinta ba ce, Baba. Laifina ne, ban faɗa maka ba."

Ta tuge tushe ɗaya, ta sa shi tsakanin takardu, ta danne. Direban ya tashi ya kaɗe wandonsa. Bai yi wasa ba wannan karon, ya ce zai bari sai gobe da safe.

Mai gadi na tsaye, hannayensa a baya, yana kallon sauran takwas ɗin. Rana ta karkata, biyu a ciki sun soma buɗewa.

Maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda da fartanyarta ya yi noman, ta leƙo ta kan katanga da zare a baki.

"To, Malama, ya kika ga aikin namu? Ya yi kyau ko?"