Sunan da Ke Bango

Mai fenti Don Chepe ya riga ya zana harafin farko a bangon filin wasa, wani ƙaton N ja, lokacin da Eladio ya ce masa ya dakata.

Shekara goma sha shida Eladio ya yi yana tsaron bayan fili a ƙwallon sanda, wasan da Amurkawa ke kira baseball, yana karo da katanga don cafo ƙwallon da kowa ya fid da rai da shi. Har yau kafaɗarsa ta hagu ba ta ɗaguwa sosai. Sai dai duk wannan wahala da sunan ƙanensa Nelfi ya sha ta. Sa'ad da masu neman 'yan wasa suka zo ƙauyensu na masu yankan rake, shekarar Eladio sha tara, su kuwa ko kallon wanda ya wuce sha shida ba sa yi. Uwarsu ta miƙa masa takardar haihuwar ƙanen, shi ke nan. Yanzu ya yi ritaya, gari zai sa wa filin sunansa, sunan kuma ba nasa ba ne. Abin yana ci masa rai.

"Goge, Don Chepe. Eladio za ka rubuta."

"Ɗana, abin da magajin gari ya ba ni a takarda nake bi."

Nelfi yana zaune kan babur ɗinsa na acaɓa a inuwar mangwaro, yana shan ruwan kwakwa. Ya yi dariya.

"Yaya, yau kuma sunan wari yake maka?"

"Kai ka taɓa cafe ƙwallo? Ko lemo aka jefo maka sai ya faɗi. Ni na karya haƙarƙari, kai za a riƙa karantawa."

Nelfi ya ajiye kwakwar. "Sau uku ina zuwa neman katin ɗan ƙasa, ana ce mini ai Nelfi Sención yana Amurka yana wasa. Lasisin babur ɗin nan na maƙwabci ne. 'Ya'yana biyu, a takarda ba su da uba. Ka ga na tsayar da mai fenti?"

 Ko sau ɗaya Eladio bai taɓa tambayar halin da ƙanen yake ciki ba. Shi dai aiko da takalma da riguna ya iya.

Fenti ya fara ɗiga daga burushi. "To, wa zan rubuta?" in ji Don Chepe. "Rana tana yi."

Eladio ya daɗe yana kallon N ɗin nan.

"Ƙarasa," ya ce.

Nelfi ya ta da babur. "Rubuta da kyau, Don Chepe. Ba ni da wata takarda sai bangon nan."