Ciyawar Gidan Proje

Habibu yana baza ciyawa a gefen titi da manjagara, hankalinsa kuwa yana can ƙauyensu Mallawa, sai moto, wato babur, ta tsaya a bayansa. Bai waiwaya da wuri ba. A daidai lokacin yana tsakiyar kora tumaki ne zuwa rijiya, tumakin da shi kaɗai yake ganinsu, kuma bai so ya bar su a rabin hanya.

Shekara huɗu ke nan yana kula da ciyawar gidan wani proje, wato ma'aikatar wani shirin samar da ruwa, a Magariya. Fili ne madaidaici, kore shar a tsakiyar bazara, lokacin da ko akuyar gari ba ta samun abin lasa. Ba a kiwo a kai, ba a zama a kai. Aikin ciyawar ɗaya ne, a leƙo ta taga a dube ta. Habibu yake ba ta ruwa safe da yamma, ranar Talata kuma ya tura mata inji ya yi mata aski. Ga mutumin da ya tashi a bayan dabbobi, har yau abin bai gama zauna masa ba. Ya taɓa mallakar garke guda, fari da ciwo suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rage ita ce tunkiyar da ke ɗaure a gidansa, da cikinta wata huɗu. Askin Talatar nan shi ne abincinta na mako, da shi kuma yake fatan kai ta damina ta haihu lafiya.

Sai dai ciyawar lauje daban, ta inji daban. Inji tauna ta yake yi ya tofar, da ruwanta da komai. In aka tara ta wuri ɗaya sai ta ɗauki zafi ta yi tsami, dabbar da ta ci kuma cikinta ya kumbura. Shi ya sa Habibu yake fito da ita bayan katanga ya shanya, rana ta busar kafin azahar, ya kwashe ya kai gida.

"Baba, sannu da aiki."

Saurayi ne da rigar aiki ta ɗorawa da littafi a hannu. Habibu ya san shi, Abdoul Razak ne, ɗaya daga cikin masu duba tsaftar gari.

"Yauwa ɗana, sannu."

"Wannan sharar taka ce?"

Habibu ya duba dama, ya duba hagu, da gaske yake neman sharar. Da ya ga inda yatsan saurayin ya nuna sai ya yi murmushi.

"Ai wannan shanya ce."

"Baba, tun satin da ya wuce ake shela a rediyo. Ruwa ya kusa. Duk abin da aka zuba a bakin titi kanibo yake faɗawa, ya toshe magudanar, ruwa ya shiga gidajen mutane. Tara ce, jika biyar."

"Kafin azahar na kwashe ta. Ko tsinke ba za ka gani ba."

"Na yarda da kai wallahi." Abdoul Razak ya rage murya. "Amma ka ga mai shagon can? Jiya na rubuta masa a kan kwalaye. Yanzu haka mu yake kallo."

Mai shagon kuwa yana kallo, har da gyara zama. Saurayin ya rubuta takardar da sunan gidan, ya miƙa da hannu biyu, ya ta da moto ya wuce.

Madam Ruma'isa, mai kula da ma'aikatan gidan, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta karanta takardar, ta ce wannan karon gida zai biya, amma kar ta sake ganin irinta. Ya tambaya ko zai iya shanya a tsakar gida, ta ce nan wurin motoci ne. A kan ciyawar fa? Ta ce ai shi ya fi kowa sanin za ta yi rawaya.

"A sa a buhu kawai, Baba Habibu. Ka tafi da ita ko ka kai juji, duk ɗaya ne."

Kunya ta rufe shi. Shekara huɗu ko tiyo bai taɓa fasawa ba, yau ga shi ya jawo wa gida takarda, a gaban mai shago. Ya samo buhunan shinkafa biyu na leda, ya kwashe ciyawar da danshinta, ya danna da ƙafa, ya ɗaure baki, ya jingine su a jikin katanga. A ransa ya ce yana isa gida zai baza ta a kan rumfa.

Sannan ya ja tiyo ya shiga ba da ruwa, kuma nan ne kullum tunani yake sace shi. Rana ta ratsa feshin ruwan, launuka suka tsaya a iska. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, irin na daren farko na damina. Sai ya ga ƙofar gidan ta buɗe da kanta, tunkiyarsa ta shigo, ɗan ƙaramin abu yana bin ta da ƙafafu masu rawa. Bayansu wasu suka shigo, wasu suka biyo wasu, har filin ya cika da fararen bayansu. Ba wanda ya kore su. Katangar ma ta ja da baya, ta ja, har ta ɓace, ciyawar ta miƙe ta bi hanyar Dungas ta gangara Mallawa, ta tsaya daidai ƙofar gidan mahaifinsa. Ya daɗe a can. Ruwan da ya cika masa takalmi ne ya dawo da shi.

Da azahar ya ɗaure buhunan a bayan keke. Sun sha rana tun hantsi, yana jin ɗuminsu a gadon bayansa kamar an goya masa tukunya.

Matarsa Daso tana tankaɗe a tsakar gida da ya shiga. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta ajiye rariya.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Fuskarka ba ta ce haka ba."

"Rana ce."

Ya sauke buhunan kusa da turke. Tunkiyar ta miƙo wuya tana shinshina, ya shafa mata kai. Ya so ya baza ciyawar nan take, amma ya san in Daso ta ga ɗanya za ta tambaya, in ta tambaya kuma sai ya faɗi zancen takarda. Bakinsa bai shirya ba. Aka kira salla, ya ce bari ya je ya dawo.

Bai dawo ba. Bayan salla ya zauna a gindin dogon yaro a ƙofar masallaci, yana jera yadda zai faɗa mata. Iska mai ɗumi tana kaɗa ganye, inuwa tana yawo a kan ƙafafunsa. Ya jingina kai. Tumakin nan suka sake zuwa, a hankali, ba ko kuka, suka kewaye shi suka kwanta suna tuƙa.

"Malam. Malam."

Daso ce tsaye daga nesa, mayafi a karkace. Tun da suka zo garin nan ba ta taɓa biyo shi masallaci ba.

"Zo ka ga tunkiyar nan."

Ya same ta tsaye ta wawware ƙafafu, cikinta na hagu ya tasa sama ya yi tauri, numfashi yana fita da ƙyar. A gabanta ga tsohon daro, saura ɗan kore a gindinsa. Buhu ɗaya a buɗe, ya yi rabi. Warin tsami ya cika wurin.

"Na buɗe na ga ɗanya," in ji Daso. "Tun kaka ba ta sa ɗanye a baki ba. Na ce yau ta yi salla. Tana cinyewa ina ƙara mata."

"Ba a ba su ita haka. Sai ta bushe."

"To yaushe ka taɓa faɗa mini? Ni na zaci don keke kake busar da ita, kar ta yi maka nauyi."

Gaskiyarta ce. A ƙauyensu wanda ya samo ɗanyar ciyawa a bazara ya yi wa dabbarsa gata, ita kuma abin da ta sani ke nan. Shekara huɗu yana kawo busasshiya, bai taɓa ganin dalilin yin bayani ba.

Suka yi duk abin da suka sani. Ya ɗora ƙafafunta na gaba a kan turmi, Daso ta ɗura mata man gyaɗa, ta jiƙa kanwa ta ƙara. Ya gitta mata itace a baki don ta tauna ta yi gyatsa, yana murza cikin da tafin hannu yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Aka kira likitan dabbobi a waya, ya ce yana Dungas wajen rigakafi, ko yanzu ya taso sai bayan magariba. Cikin bai sauka ba. In Habibu ya ɗora hannu ta ɗaya gefen, yana jin motsi a ciki, ɗan ƙarami, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Maƙwabcinsu Gaji mahauci ya yi sallama ya shigo. Ya tsuguna, ya ɗaga fatar idonta, ya duba harshenta. Wuƙarsa tana naɗe cikin tsumma a hammata.

"Habibu, harshe ya canza."

"Mu ɗan jira."

"Ina jira. Amma ka san in ta tafi da kanta mushe ce, sai dai a ja ta a kai bayan gari."

"Wata ɗaya ya rage mata, Gaji."

"Na sani."

Suka jira. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe turken. Habibu yana ta murzawa, yana sauraron gyatsa ɗaya tak, wadda za ta sauke komai. Har ya ji ta a kunnensa sau biyu, ya ɗaga kai, ya ga babu wanda ya ji sai shi. Can ƙafafun tunkiyar suka saki, ta zame daga kan turmi ta kwanta a gefe, wuya a miƙe.

Gaji ya warware tsumma.

"Ba ni," in ji Habibu. "Ta san hannuna."

Ya juya ta gabas, ya rufe mata ido da tafinsa, ya yi bisimilla.

Bai tsaya ganin fiɗa ba. Ya wanke hannu, ya fita zaure ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Mutane suna wucewa, masu moto suna wucewa, wata mata tana tallan ƙosai. Ya rufe ido yana jiran tumakinsa su zo kamar yadda suka saba, ko ɗaya ba ta zo ba. Baƙin ciki ne kawai, mai nauyi, ya zauna masa a ƙirji.

Ya ji takun Daso. Ta tsaya a bakin ƙofar ciki, hannayenta a jiƙe, ta daɗe tana goge su da gefen zane.

"Malam."

"Na'am."

"Biyu ne a cikinta."

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Maza ko mata?"

Daso ta zo ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Mata," in ji ta. "Duka biyun."