Kunnen Inna Nasiba

Tas! Abin ya fashe a gaban hancina, farin hayaƙi mai wari ya tashi. Na yar da ƙarfen narka dalma na ja da baya har na ture butar alwala.

Baba Ya'u, maƙwabcinmu, yana kishingiɗe kan tabarma a zaurensa, dariya yake yi har tari ya sarƙe shi.

"Kin juya mishi ƙahwa, Saudatu. Doguwar ƙahwa wajen da na yi miki alama, gajeruwa ɗaya gehen. Sau nawa zan hwaɗa?"

"Ni tela ce, Baba, ba makanike ba. Ɗinkin mutane na aje na zo."

"Shi ya sa na kira ki. Mai zura zare a allura ba ta kasa wanga."

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya a Sabon Gari, kuma rabinsu na yi su ne ina mita. Tun da ya aje aikin kula da injinan ban-ruwa a Jiratawa, Baba Ya'u bai da abin yi sai waɗannan ƙananan allunan ƙara sauti da ake ce wa ampili, irin na araha da ake zubawa kan tebur a kasuwa, ba su fi tafin hannu ba. Ya sayo, ya ɓalle wasu 'yan ƙulli-ƙulli da ke jiki, ya liƙa wasu, ya saurara, ya girgiza kai, ya sake ɓallewa. Tuluna yake ce musu, wai a ciki wuta take kwanciya kamar ruwa. Ba sana'a ba ce, shi dai jaraba ce. Samarin unguwa sukan kawo nasu ya ƙara musu rugugi saboda biki, ni kuma in sha ciwon kai ta bayan katanga.

Amma wannan allon daban ne. Matarsa, Inna Nasiba, kunnenta ya yi nauyi shekara shida ke nan. Muryarsa mai kauri kaɗai take kamawa sosai. Siririyar murya irin tawa, ko irin ta ɗiyarsu Hidaya da ke aure a Arlit, sai dai ta ga baki yana motsi. In Hidaya ta kira, shi ke riƙe wayar, ya saurara, ya juya ya maimaita wa uwar kalma bayan kalma. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, hannunsa yana rawa ko cokali ba ya riƙewa, kuma ya san abin da likita ya faɗa wa ƙaninsa a asirce.

"Ni ne kunnenta," ya ce mini ranar da ya fara kirana. "In na tahi, wa za ya hwaɗa mata abin da yarinyar ta ce?"

Abin da yake so shi ne akasin na samari: ya rage rugugin, ya fito da siririn sauti sama. Lasifikar a cikin ƙwarya ya dasa ta, wai katako yana shanye murya. Kwana tara muna abu ɗaya. In liƙa tulu, in zagaya gidana, in kira wayarsa, in yi ta faɗin "tsintsiya, shinkafa, sassafe" kamar mahaukaciya, shi kuma yana kallon fuskar Inna Nasiba da ke riƙe da ƙwaryar.

"Mi ta ce?" zai tambaye ta.

"Ta ce kaza," in ji Inna.

"Kin ji ko? An kusa. Jiya ba ta ji ko kazar ba."

Wallahi wani lokaci haushi nake ji, wani lokaci kuma in tsaya bayan katanga in share hawaye kafin in dawo.

Ranar Talata da hantsi ya kira ni. Muryarsa ta dushe, sai da na durƙusa kusa da shi.

"Saura guda. Ƙarami, ja, kamar ƙwayar wake. Na kasuwa ba su yi. Ki je Tibiri wajen Maliki, abokina, ki ce ya ciro miki daga tsohuwar rediyon da munka buɗe bara. Ara mini allin ɗinkinki."

Da ƙyar ya ɗiga farin alli a gefen allon, wurin da za a sa.

"Shi bai da doguwar ƙahwa, kowane gehe ya yi. Ko ke ba ki iya ɓata shi."

"Sannu da zagi, Baba."

Na hau kabu-kabu na tafi. Malam Maliki ya ɗauki lokaci yana bincike cikin tarkace, yana ba ni labarin ƙuruciyarsu, ni kuma ina ta duban rana. Ya naɗe mini abin a takarda na ɗaure a bakin gyale. Tun daga kan kwanar layinmu na hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna ta cire takalma. Ban ce wa mai babur ya tsaya ba, shi ya gane da kansa.

Bayan azahar aka ɗauke shi. Ni na kira Hidaya na faɗa mata. Cikinta ya tsufa, hanya kuma ba ta biyuwa ga mai irin nauyinta. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce, "Anti Saudatu, ina son in yi magana da Inna." Mu duka biyu mun san wanda ya saba tsayawa tsakaninsu.

Na ce ta ba ni minti goma.

Na shiga zaure na jona ƙarfen a wuta. Wata dattijuwa daga dangin Baba Ya'u ta leƙo, ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyar nan! Maza ba su ko dawo daga kushewa ba, ke kina wasa da rediyo?"

Na ci gaba da aikina. Na ɗaga kai in tambayi Baba ko daidai na sa, sai na ga tabarmar a naɗe jingine da bango. Na ɗiga dalmar sau biyu, na hura, na jona wayarsa.

Inna Nasiba tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin mata, an lulluɓe ta da zane, idonta a bushe. Na ɗora mata ƙwaryar a hannu, na kira.

"Inna," in ji muryar, siririya, tana karkarwa. "Inna, ni ce."

Inna ba ta motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata, kuma babu wanda zai ce mini in sake.

"Inna, kina jina? Ya haƙuri?"

Sai Inna ta matso da ƙwaryar, ta karkata kai. Hidaya ɗiyar fari ce, ba ta kiran sunanta.

"Ke," ta ce a hankali. "Mura kike yi?"

Can ɗaya gefen aka fashe da kuka da dariya a haɗe.

"A'a, Inna. Kuka ne."

"To, bari. Bari haka nan, kina da ciki. Yi mini magana dai. Muryarki ta zama ta manya."

A tsakar gida mai dakan gero ta tsaya da taɓarya a hannu. Inna Nasiba ta ja bakin zanenta ta rufe kanta har da ƙwaryar, muka bar su su biyu a ciki.